Yadda ake kafa lambun jama'a a harabar majami'ar Yahudawa

A Amurka da Kanada, majami'u da makarantun Yahudawa da dama suna ware fili a bayan gini su yi lambu, yara su koyi addini a cikinsa, amfanin kuma a rabar wa mabuƙata. Manyan gonakin da suka buɗe wannan hanya sanannu ne: Adamah a garin Falls Village na jihar Connecticut tun 2003, Urban Adamah a Berkeley tun 2010, sai Coastal Roots Farm a Encinitas ta California, da lambun ƙungiyar Shoresh kusa da Toronto. Abin da zan bayyana a nan ƙarami ne a kansu: lambu mai fangali bakwai, irin wanda iyalai goma zuwa ashirin za su iya riƙewa.

Ni ba Bayahude ba ne, amma na daɗe ina wannan aiki tare da su a arewa maso gabashin Amurka, don haka watannin da zan ambata na can ne. Abu guda nake so ka riƙe tun yanzu. Dokokin noma na Attaura su ne suke yanke inda kowane fangali zai zauna da ranar da za a taɓa shi. Wanda ya fara da haƙa, yana cewa zai liƙa dokokin daga baya, aiki biyu zai yi.

Kayan aiki

Shebur biyu, fartanya ko ƙaramar garma, manjagara, baro guda, almakashin datsa reshe, igiya da turaku, tef ɗin awo. Ƙananan cokulan haƙa na yara kamar goma, da safar hannu manya da ƙanana. Tiyo, bututun ɗigo mai ƙananan huji, da agogon famfo mai batir wanda ke buɗe ruwa ya rufe da kansa. Katako mara magani na akwatuna bakwai, kwali mai yawa, ƙasa mai kyau gauraye da taki kimanin kubik mita 6, da ragar rufe ganye. Alluna na rubuta sunan shuka, da tambarin ƙarfe na ratayawa a bishiya. Babban littafin rubutu mai bango mai ƙarfi. Sai kalandar Yahudawa ta shekarar, wadda ke nuna lokacin faɗuwar rana kowace Juma'a. Idan kuɗi ya gaza, rage akwatuna, amma kada ka fasa sayen agogon famfo da kalandar.

1. Zauna da rabbi, malamin majami'ar, kafin ka sayi ƙusa ɗaya

Majami'u ba ɗaya ba ne. 'Yan Otodoks suna bin hukunci daki-daki, 'yan Rifom kuma sun fi ɗaukar dokokin noma a matsayin darasi. Ka tambayi rabbin wurin abu huɗu, ka rubuta amsarsa a littafin lambu: me aka yarda a yi ranar Asabar, yaya za a lissafa shekarun bishiya, ko za a shuka inabi, kuma ko ganyen lambun zai shiga kicin ɗin majami'a.

Akwai bambancin da zai sauƙaƙa maka. Wasu dokokin na ƙasar Isra'ila ne kaɗai, kamar hutun ƙasa na shekara ta bakwai da hana gauraya iri biyu a fangali ɗaya. A waje ana yin su ne don koyarwa, kuma kana da damar tsara su yadda ya dace. Wasu kuwa suna bin Bayahude duk inda yake: hutun Asabar, haramcin 'ya'yan sabuwar bishiya, hana yi wa bishiya aure da wata ta daban jinsi, hana sare bishiya mai 'ya'ya ba dalili, da haramcin cin ƙwaro. Waɗannan ba a wasa da su.

A wannan zaman ne kuma za a naɗa mutum uku: mai riƙe jadawalin ban-ruwa, mai kula da darasin yara, da mai kai amfanin gona ga masu rabo. Kwamiti mai mutum goma sha biyu ba ya ban-ruwa.

2. Zaɓi wuri, ka gwada ƙasa

Wurin yana buƙatar rana ta awa 6 zuwa 8 a yini, kuma ya kasance tiyo zai kai gare shi daga famfo. Ka duba shi da safe, da rana tsaka, da la'asar, domin inuwar gini tana yaudara. Idan rana ba ta wuce awa 4 ba, manta da tumatir da barkono, ka tsaya kan latas, alayyafo da na'a-na'a.

Ka ɗebi ƙasa daga wurare biyar ko shida, ka gauraya, ka aika ɗakin gwajin ƙasa na jami'ar jihar, ka ce musu su duba dalma musamman. Sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje, kuma tsofaffin majami'u da yawa sun girmi wannan doka, ƙasar gindin bangonsu tana riƙe da gubar har yau. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an roƙe shi ya yi wannan gwaji ba. Idan sakamako ya nuna dalma, ka nisanci bango, ka shimfiɗa ƙyallen raba ƙasa a ƙarƙashin akwatuna, ka rufe hanyoyi da ɓawon itace mai kauri don kada yara su tono. Kafin ka haƙa ramin bishiya ko turken shinge, kira lamba 811, za a zo a yi maka alamar inda bututun gas da wayoyi suka bi, kyauta.

3. Zana lambun a takarda

Fangali bakwai, kowanne mita 1.2 a faɗi, mita 2.4 a tsawo. Faɗin kada ya wuce haka, don hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ƙasa ba. Idan 'yan ƙananan yara ne za su fi aiki, rage shi zuwa santimita 90. Hanyoyi su kai mita ɗaya, domin baro da keken tsofaffi su wuce.

Dalilin bakwai shi ne shemita. Littafin Firistoci sura 25 ya ce a noma ƙasa shekara shida, a ta bakwai a bar ta ta huta. A Isra'ila shekarar hutu ta ƙarshe ta faro a Satumbar 2021, mai zuwa kuma za ta faro a Satumbar 2028. Wasu lambunan waje suna rufewa gaba ɗaya a wannan shekara don su yi tarayya da na can. Ban cika son haka ga ƙaramin lambu ba, saboda masu aikin sa kai da suka watse shekara guda ba sa dawowa duka. Na fi son a hutar da fangali ɗaya kowace shekara, a bi da bi, a kafa masa allo. Haka kowane yaro zai ga fangali mai hutu da idonsa duk shekara, ba sai ya jira ya girma ba.

Sai kusurwa. Littafin Firistoci 19:9-10 ya hana manomi girbe gonarsa har gefe, ya hana shi tsince abin da ya zube, ya ce a bar wa matalauci da baƙo. Ana kiran gefen da aka bari pe'a, abin da ya zube kuma leket. Bahaushe ya san wannan, kalar gyaɗa ce da mata da yara ke fita yi bayan mai gona ya kwashe nasa, sai dai a nan an mayar da ita haƙƙi mai ƙa'ida. Malaman Mishna, tsohon littafin hukunce-hukuncen Yahudawa, sun ce kada pe'a ta gaza kashi ɗaya cikin sittin. Sun kuma ce idan zangarniya ɗaya ko biyu ta faɗi daga hannun mai girbi, ta matalauci ce, idan uku ne na mai gona ne. A ainihin hukunci dokar ta shafi abin da ake girbewa lokaci ɗaya a adana, kamar hatsi da wake, ba ta hau kan ganye ba. To amma lissafa ka gani: fangali bakwai murabba'in mita 20 ne, kashi ɗaya cikin sittin bai wuce faɗin tire ba. Don haka abin da ake yi shi ne a fitar da fangali guda sukutum waje da shinge, bakin hanyar masu wucewa, a rubuta cewa kowa ya tsinka. Dole ya zama a waje. Hikimar pe'a ita ce mai gona ba shi ke zaɓen wanda zai ci ba, kuma mai ɗiba ba ya roƙon kowa. Idan sai ya buga ƙararrawa an buɗe masa ƙofa, an ɓata abin. A wannan fangali ka sa abin da kowa ya sani kuma yake ta haihuwa: ƙananan tumatir, koren wake, kokwamba.

Inabi a ba shi gefensa shi kaɗai. Haramcin shuka a gonar inabi yana da saura ko a wajen Isra'ila. Awon da aka saba shi ne kimanin rabin mita daga kurangar da take ita kaɗai, kimanin mita 2 daga jerin kurangu. Idan fili ya matse, bar inabin.

4. Gina akwatuna

Ka aske ciyawa ƙasa-ƙasa, ka shimfiɗa kwali ninki biyu bayan ka cire masa salatif, ka jiƙa shi, ka ɗora akwatin mai zurfin santimita 30, ka cika. Kowane akwati yana cin ƙasar da ta kusa kubik mita ɗaya. Kashi biyu ƙasa, kashi ɗaya ruɓaɓɓen taki. Kada ka karɓi kyautar tsohon katakon layin dogo ko koren katakon da aka yi wa magani kafin 2004, akwai guba a jikinsu. Idan babu katako, bulo ya yi, buhunan shuka ma sun yi, ko ka ja kunya kawai idan gwajin ƙasa ya fito da kyau. A yi ginin ranar Lahadi, a yi gayya, a ciyar da mutane. Wanda ya ɗauki ƙasa a baro da hannunsa shi ne zai dawo cire ciyawa a Yuli.

5. Ruwa da ranar Asabar

Nan ne baƙo ya fi yin kuskure. Asabar tana shiga da faɗuwar ranar Juma'a, tana fita da fitowar taurari bayan faɗuwar ranar Asabar. Cikin ayyuka 39 da aka hana akwai huɗa, shuka da girbi, kuma malamai sun sa ban-ruwa a ƙarƙashin shuka. Cire ciyawa haramun ne, haka tsinkar tumatir ɗaya a jefa a baki. Yara za su fito daga ibada su nufi lambun kai tsaye, don haka a gaya musu tun farko: yau kallo ne kawai.

Kada ka ce ai kai ba Bayahude ba ne, bari ka zo ranar Asabar ka taimaka da tiyo. A wurin masu bin hukunci, bai halatta wani ya yi musu aikin da aka hana su ba, balle a harabar majami'a a idon jama'a. Niyyarka mai kyau za ta jefa rabbi cikin kunya.

Mafita ita ce bututun ɗigo da agogon famfo da aka saita tun kafin rana ta faɗi. Wasu rabbai sun yarda ya yi aiki ranar Asabar, wasu sun fi son a tsallake ranar. Idan aka ce a tsallake, ka shayar sosai da safiyar Juma'a, ka rufe ƙasa da tattaka mai kaurin yatsu huɗu, za ta kai Lahadi lafiya. Ma'aunin ruwa shi ne lita 25 ga kowane murabba'in mita a mako, wato kusan lita 70 ga fangali, a ƙara a tsananin zafi. Idan babu agogo, binne tukwanen ƙasa marasa fenti a tsakiyar fangali ka cika su ranar Juma'a.

Sannan buɗe kalandar ka duba Satumba da Oktoba. Sabuwar shekara kwana biyu, Ranar Kafara ɗaya, farkon Idin Bukkoki biyu, ƙarshensa biyu: kwana bakwai ke nan da ba a aiki, ban da Asabar-Asabar, kuma duk sun faɗo daidai lokacin da tumatir ke zuba. Ka sa ranakun girbi a jajibirin kowane idi tun watan Maris. A wasu shekarun idi yana haɗuwa da Asabar a yi kwana uku a jere.

6. Shuka bisa kalandar bukukuwa

Tu BiShvat, sabuwar shekarar bishiyoyi, tana zuwa a Janairu ko Fabrairu. A Isra'ila ana fita dasa itatuwa, amma a New York ko Toronto ƙasa a daskare take. Abin da ake yi shi ne yara su shuka ganyen fasli a kofi a bakin taga, domin a tsoma shi a ruwan gishiri a teburin Idin Ƙetarewa, wata biyu bayan nan, ko uku a shekara mai ƙarin wata. Fasli yana da nawar tsiro, yakan kai mako uku. A jiƙa irin ya kwana, kuma ka shuka wasu kofuna na ajiya a asirce, don na wasu yaran ba za su fito ba.

Ganye mai ɗaci na idin kuwa, ko dai latas mai dogon ganye ko saiwar nan mai yaji da ke sa hawaye, hosradish. Ita a rabin ganga ake shuka ta. In ka sa ta a fangali, ɗan guntun saiwar da ya rage zai tsiro, kuma ba za ka rabu da ita ba.

Afrilu na latas ne, karas, albasa da wake mai son sanyi. Tumatir, tattasai, kabewa da kokwamba sai bayan tsakiyar Mayu, lokacin da sanyin dare ya daina ƙona ganye. A ƙarshen Mayu ka shuka layin masara ko dawa da furen bi-rana a gefen arewa. Karansu ake so: rufin bukkar da ake ginawa a Idin Bukkoki dole ya zama abin da ya tsiro daga ƙasa kuma aka yanke shi. Kurangar da ke raye ta hau kan bukka ba ta zama rufi ba.

Ka ware gefe guda na ƙamshi, na'a-na'a a tukunya, ɗoɗɗoya da makamantansu. Ana shanya su a ɗura a ƙananan jakunkuna don shaƙa a addu'ar fitar Asabar.

Maimaitawar Shari'a 8:8 ta lissafa albarkatu bakwai na ƙasar: alkama, sha'ir, inabi, ɓaure, rumman, zaitun da zuma, wadda malamai suka ce ta dabino ce. Kowace makaranta tana son ta ga bakwai ɗin. Gaskiya ita ce a yankin sanyi alkama, sha'ir da inabi ne ke yi a waje. Ɓaure sai an naɗe shi da bargo a hunturu, rumman da zaitun a tukunya ake shigar da su ɗaki, dabino kuwa a saya a kanti. Alkamar da aka shuka a Oktoba ba ta nuna sai Yuli, don haka kada ka yi wa malamai alkawarin girbi a Idin Makonni na Mayu ko Yuni, kore shar za ta kasance.

7. Bishiyoyi da lissafin shekara uku

Kafin ka dasa bishiya mai 'ya'ya, tambayi masu kula da ginin ko akwai shirin faɗaɗa shi ko wurin ajiye motoci. Daga Maimaitawar Shari'a 20:19-20, inda aka hana sare itatuwan abinci ko a lokacin yaƙi, malamai suka fitar da dokar hana ɓarna, bal tashhit. Bishiyar da aka dasa a wurin da bai dace ba takan zama rigimar shekaru.

Sai orla. 'Ya'yan shekara uku na farko haramun ne, ba a ci, ba a sayarwa, ba a kyautar da su. Lissafin ba daga ranar dashe yake tafiya kai tsaye ba. Idan an dasa aƙalla kwana 44 kafin sabuwar shekarar Yahudawa, wato kafin tsakiyar watan Av na kalandarsu, wannan guntun ya zama shekara ɗaya. A ƙara cikakkun shekaru biyu, sannan a jira Tu BiShvat ta wuce, abin da ya ƙulla bayanta ya fita daga orla. Dashen Afrilu ya cika wannan sharaɗi cikin sauƙi, na Satumba kuwa ya yi asarar kusan shekara. Bishiyar da aka sayo da saiwa tsirara, lissafinta daga sifili yake farawa, komai shekarunta a wurin mai sayarwa. Inabi yana ciki. Tumatir da sauran kayan lambu ba sa ciki. Hukuncin shekara ta huɗu akwai saɓani a wajen Isra'ila, wannan na rabbi ne.

Rataya tambarin ƙarfe mai ranar dashe da shekarar da za a fara ci, ka kuma rubuta a littafi, saboda masu aikin sa kai suna canzawa. A shekarun jira ka riƙa tsinke furen tun bai ƙulla ba. Yara ba za su ga abin da zai ja hankalinsu ba, bishiyar kuma za ta sa ƙarfinta a saiwa.

8. Taki

Ramuka biyu ko akwatuna biyu, ɗaya ana zubawa, ɗaya yana ruɓa. Busasshen ganye da kwali kashi biyu zuwa uku, ɓawon kayan miya kashi ɗaya, a juya duk mako biyu. Majami'a tana fitar da ragowar abinci mai yawa bayan ibada, sai a sa bokiti a kicin. Ban da nama, ban da madara, ban da burodi: ɓera suke kira, kuma burodin zai zama matsala idan Idin Ƙetarewa ya zo, lokacin da ba a yarda a mallaki abu mai yisti ba. Wari yana nufin danye ya yi yawa, a ƙara busasshe.

9. Darasin yara

Minti arba'in ya isa: biyar na karanta aya, talatin na aiki, biyar na ɗanɗano. Ayar farko kusan kullum ita ce Farawa 2:15, inda aka sa Adamu a gonar domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Kada rukuni ya wuce yara takwas ga babba ɗaya, kuma kowane yaro a ba shi abin riƙewa a hannu.

Darasi biyu ne na ga suna zama a kan yara. Na farko ƙaramin fangalin da Mishna ta siffanta, tafi shida a tafi shida, wato ɗan abin da ya wuce rabin mita, wanda aka yarda a shuka masa iri biyar, huɗu a gefuna, ɗaya a tsakiya, ba tare da sun cakuɗe ba. A ba su igiya da ma'auni su warware shi da kansu. Na biyu fangalin alkama. Ayyuka goma sha ɗaya na farko cikin 39 ɗin nan matakan yin burodi ne, daga shuka da huɗa, zuwa yanka, ɗauri, sussuka, sheƙa, tsince, niƙa, tankaɗe, kwaɓi da gashi. Fangali ɗaya ba zai ba ka fiye da garin burodi ɗaya ko biyu ba, amma yaron da ya sheƙe alkama a faifai ya gane abin da ake hutawa daga gare shi.

Kafin ɗanɗano akwai addu'a, ta 'ya'yan ƙasa daban, ta 'ya'yan itace daban. Bar malaminsu ya ja ta.

Hutun makaranta yana faɗawa Yuli da Agusta, lokacin da lambu ya fi buƙatar hannu. Raba makonnin ga iyalai tun Mayu, kowane gida mako guda, da sunan wanda zai maye gurbi.

10. Girbi da rabo

A girbe da sassafe, a auna, a rubuta. Tun kafin shuka ka je wurin masu rabon abinci na unguwa ka ji ranar da suke karɓa da abin da mutanensu ke dafawa, don kada ka tara musu ganyen da ba wanda ya san yadda ake cinsa. Idan kwamiti na tsoron ƙara, akwai dokar tarayya ta Bill Emerson ta 1996 da ke kare mai ba da abinci da kyakkyawar niyya.

Ganyen da zai shiga kicin ɗin majami'a sai an duba ƙwaro. A ware ganye ɗaya-ɗaya, a jiƙa a ruwa mai ɗan sabulun wanke kayan lambu, a ɗauraye da ruwa mai ƙarfi, a ɗaga kowanne a haske. Farin kabeji da danginsa masu cukurkuɗaɗɗen kai suna da wuyar dubawa, wasu kicin ba sa karɓarsu sam. Rufe fangalin ganye da raga tun ranar dashe yana rage aikin ƙwarai.

11. Rufe shekara

Bayan Idin Bukkoki, a sauke karan rufi a sassare a zuba a taki. A tuge tumatir, wanda ya yi cuta a jefa a shara. A shuka tafarnuwa a ƙarshen Oktoba, zurfin santimita 5, tazarar 15, a lulluɓe da tattaka, sai Yuli. Fangalin da zai huta a watsa masa irin ciyawar da ke gyara ƙasa, a matsar da allon hutu zuwa kansa. Cire agogon famfo ka shigar da shi ɗaki, ka tsiyaye tiyo da bututu, ka rufe ruwan daga ciki kafin daren farko na ƙanƙara, in ba haka ba bututun zai fashe a bango. A littafin lambu ka zana abin da aka shuka a kowane fangali, domin kada dangin tumatir su koma wuri ɗaya sai bayan shekara uku, ka kuma buɗe kalandar baɗi ka sa ranar sayen irin fasli mako biyu kafin Tu BiShvat.